Ɗingishin Motar Baba

A farfajiyar gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina akwai wata mota da ta yi shekaru lulluɓe da tamfol, kyanwoyin unguwa suna haihuwa a ƙarƙashinta. Motar Amurka ce ta da, mai ƙofa biyu da dogon gaba, injinta mai silinda takwas. Mahaifina ya saye ta a hannun wani tun ina rarrafe, lokacin da yake tuƙa bas ɗin alhazai tsakanin Madina da Makka. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina ya zo hajji bai koma ba, don haka mu duk a nan aka haife mu, Hausarmu ta cikin gida ce, Larabci ya ciccinye mata gefe. In na yi tuntuɓe a rubutun nan ku yi mini uzuri. Ƙarfe na fi sani, domin gyaran manyan janareto ne aikina.

Abin da na fi tunawa da motar nan shi ne Asabar. Kowace Asabar da safe Baba zai yi alwala a gida, ya zuba mu a ciki, mahaifiyarmu a gaba, ni da ƙanena a baya, mu tafi masallacin Ƙuba mu yi raka'a biyu. Mu muna arewacin gari, Ƙuba tana kudu, sai an bi ta gefen Harami. Da zarar hasumiyoyin masallacin Annabi sun bayyana, Baba zai kashe rediyo, ya katse ko wace hira yake yi, ya yi sallama ga Manzo da murya ƙasa-ƙasa. Ya sha gaya mana cewa a garin nan ba a ɗaga murya. Kuma ni a kunnena har motar tana bin wannan doka, don ko danja ce ta tsayar da mu a wurin, injin yana tafiya sumul, ba tari ba girgiza. Bai taɓa ba ɗayanmu makullinta ba, ko bayan mun yi gemu.

Da idonsa ya fara rauni sai ya ajiye ta, injin ma dama ya fara hayaƙi da ƙwanƙwasa. Muka riƙa kai shi Ƙuba a motocinmu. Mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ta ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ta kuma tafi da yawancin maganarsa. Abin mamaki, Larabcin da ya yi rayuwa a cikinsa ne ya fi gudu, Hausar da ya sha a nono ta zauna, ita ma guntu-guntu. Ya dawo daga asibiti ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Likita ya ce a riƙa fita da shi, zaman ɗaki zai cinye shi kafin ciwon. Muka yi lallashi, muka yi wayo, muka turo masa abokansa na sahun gaba, ko a jikinsa. Wata Asabar na durƙusa a gabansa na ce, Baba, Ƙuba fa. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya nuna wajen farfajiya da hannun hagu.

“A tawa,” ya ce.

Na tambaye shi yadda yake so a gyara ta. Ya ce, “Yadda take.” Daga nan bai ƙara ba, ni kuma ban ƙara tambaya ba. A gidanmu ba a titsiye uba da tambayoyi. Ana yin aiki ne a kawo masa, ya duba ya ce ya yi ko bai yi ba. Kuma a ganina ba ni da abin tambaya, ai ni na san yadda take.

Na ja motar zuwa warsha, garejin wani abokina a sina'iyya, wato unguwar masu gyara, ya ba ni kusurwa guda. Ƙanena, wanda yake zaune a unguwar Khalidiyya yana aikin ofis, ya ce da shi za a yi. Ƙanen nan nawa mutumin kirki ne, amma Allah ya jarrabce shi da son ƙarar mota. Tasa motar in ta shigo layinmu, jariran gidaje uku ne suke farkawa. Duk yammacin Juma'a yana can inda masu tsofaffin motoci suke taruwa suna buɗe wa juna bonet. Ka yi masa Hausa ya mayar maka da Larabci, sai in ya ga zai sha kaye a gardama, sannan Hausarsa take dawowa tsaf.

Mun sauke injin, mun wargaza shi. Fistin da zobbansu da sauran kayan ƙasa ba su kawo saɓani ba, aka kai wurin masu lailaya ƙarfe suka yi nasu. Rigima a kan kamshaf ta tashi. Ga wanda bai sani ba, kamshaf wata doguwar sandar ƙarfe ce a tsakiyar inji, jikinta duk tozaye a jere. Tana juyawa, kowane tozo yana tura bawul ɗinsa ya buɗe, iska da mai su shiga, ko hayaƙi ya fita, sannan sifirin ya mayar da bawul ɗin ya rufe. Tsayin tozo shi ne iya buɗewar bawul, faɗinsa kuma shi ne daɗewarsa a buɗe. Ƙaramin tozo yana ba ka inji mai ladabi, mai ja tun daga ƙasa. Babban tozo yana ba ka inji mai numfashi a guje, amma in aka tsaya sai ya kama tari da girgiza. Halin mota gaba ɗaya a jikin sandar nan yake.

Tsohuwar kamshaf ɗin Baba ta cinye, tozaye da yawa sun shafe sun zama kamar gwiwar tsohon wando. Ko kallo biyu ban yi mata ba, na jefa ta bayan ƙofar warsha cikin tarkacen da masu sayen ƙarfe suke kwashewa. Ƙanena ya zo da wayarsa yana nuna mini wata kamshaf mai manyan tozaye, har da bidiyon yadda take sa mota gurnani. Ya ce wannan mota an haife ta ne don gudu, mayar da ita salihar baiwa zalunci ne. Na ce masa dattijo mai shanyayyen jiki za mu ɗauka, ba samarin Juma'a za mu burge ba. Na lissafa masa: da irin wannan tozo injin ba zai riƙa zuƙar iskar da take taimaka wa birki ba, birkin zai yi tauri a cunkoso. Zafin Madina kuma ba ya wasa da injin da yake shaƙewa a tsaye. Sai an sauya sifirin, sai an rarake kan fistin don kada bawul ya sumbace shi. Na rufe da cewa ni ne babba, kuma ni na fi shi tuna muryar motar.

“Khalas, shi ke nan, Yaya, ka yi yadda kake so,” ya ce. “Amma wallahi za ka kashe mata rai.”

Duk da haka ya je ya yi odar tasa a ɓoye, ta zo a kwali ya ajiye a but ɗin motarsa, wai ko zan shiryu. Ni kuma na samo sabuwa daidai da wadda kamfani ya fito da motar da ita. Na yi aikin da har yau ba na jin kunyarsa. Na sa aka dasa wa bawul mazaunai masu tauri, don man yanzu ba irin na da ba ne, yana cin tsofaffin mazaunai. Bawul na hayaƙi na zaɓi na ƙarfen da ba ya jin zafi. Na zauna na goga kowane bawul a mazauninsa da hannu har bakinsu ya haɗu ruf. Da muka tayar da injin, bayan ya gama tashin farko na sabawa da sababbin kaya, sai ya kwanta sumul, kana iya ɗora kofin shayi a kan bonet. Na kalli ƙanena na ɗaga masa gira. Na ji daɗi ƙwarai a ranar, har na saya wa duk 'yan warsha abincin rana.

Na kawo motar gida da la'asar, an wanke ta tana ƙyalli. Muka turo Baba a kekensa zuwa bakin farfajiya. Ya shafa gefenta da hannun hagu, ya daɗe yana shafawa. Na shiga na murza makulli, na fito na tsaya ina jiran albarka. Ya karkata kai yana saurare. Na ga fuskarsa tana sauka a hankali.

“Ba ita ba ce,” ya ce. “Ina ɗingishinta?”

Na ce wane ɗingishi, Baba? Ya bubbuga hannun kekensa da yatsu, bugu biyu a haɗe, ɗan tsayawa, bugu biyu a haɗe, sannan ya yi alamar a mayar da shi ɗaki. Murnata ta koma ciki. Na juya na ga ƙanena ya toshe baki da gefen mayafin kansa, kafaɗunsa suna rawa. Da ba don idon mutane ba da na jefe shi da sifana.

Asabar ta zo ta wuce Baba yana ɗaki. Abincinsa ma ya ragu, matata ta ce kwanon yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga kamar na ɗaga masa rai ne na sake shi ya faɗo ƙasa da inda yake a da. Bugun yatsun nan ya hana ni sakat. Na san wannan kiɗan sarai, kiɗan inji ne mai tozon da ya fi na kamfani. Amma ina Baba ina irin wannan, mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi a kusa da Harami?

Washegari da sassafe na tafi warsha na faɗa cikin tarkacen bayan ƙofa. Allah ya taimake ni masu sayen ƙarfe ba su zo ba. Na zaro tsohuwar kamshaf, na wanke ta da kananzir, na nemi tozayen da ba su cinye ba, na ɗora ta a kan ma'auni kusa da sabuwar irin ta kamfani. Gani ya kori ji. Tozayen Baba sun fi tsayi, sun fi faɗi. A gindinta kuma babu tambarin kamfanin motar. Wani ne ya buɗe injin nan tun muna yara ya sauya masa zuciya.

Na ɗauke ta a tsumma na kai ɗakin Baba na ɗora masa a cinya. Ya bi tozayen da babban yatsa, sai na ga gefen bakinsa mai rai ya ɗaga. Labarin ya fito a gutsuttsure, na yi ta haɗawa kamar mai tsintar gero. Wani makaniki ne a Jidda ya sa masa ita, shekarar da ya sayi motar. Baba yana da aboki mai gonar dabino a Khaibar, kuma hanyar Khaibar a wancan zamani fayau take, ba kowa sai duwatsu baƙaƙe. A nan yake sakin motar. Mahaifiyarmu tana tsoron gudu, ta sa ya yi mata alkawari ba zai yi da iyalinta a ciki ba, kuma bai taɓa karyawa ba. Amma bai ga dalilin da zai sa ta san abin da yake cikin injin ba. Na ce to Baba, yaya aka yi ba mu taɓa jin ɗingishin ba? Sai ya kalli ƙafarsa ta dama, wadda take kwance a kan matashi ba ta motsi, ya kau da kai. Ban gane ba a lokacin, kuma ganin yadda ya kau da kan ya sa ban matsa ba.

Da na ba ƙanena labari sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, da Hausa tsantsa ya faɗe ta, ba ko ɗigon Larabci. Nan take ya buɗe but ya fito da kwalinsa, wai gaskiya ta yi halinta. Na ce ya dakata. Muka auna tasa, sai ga shi ta wuce ta Baba nesa ba kusa ba, kamar yadda ta Baba ta wuce tawa. Ni na yi ƙasa, shi ya yi sama, tsohon yana tsakiya yana kallonmu.

A nan ne aikin ya zama namu mu biyu. Ni na iya awo, shi ya iya bin kasuwannin waya da karanta takardun masu ƙera kayan. Na juya tsohuwar sandar a hankali ina karanta masa inda tozo yake fara tashi, inda yake kai ƙololuwa, inda yake sauka, shi kuma yana tace waɗanda ake sayarwa. Muka tsaya a kan guda biyu. Ɗaya ta fi kusa a tsayin tozo, ɗaya ta fi kusa a faɗi da kuma tazarar da take tsakanin tozon shiga da na fita. Ƙanena ya so mai tsayin. Na ce a'a, ɗingishi ba daga tsayi yake zuwa ba, daga ɗan lokacin nan yake zuwa da bawul na shiga ya buɗe alhali na fita bai gama rufewa ba. Kunnen Baba wannan yake nema. Wannan karon bai yi gardama ba, ni ma ban ce masa ni ne babba ba.

Sauya kamshaf ba cire ɗaya a zura ɗaya ba ne, danginta duka sai an sake su. Sifirin da na sa da farko sun yi mata laushi, a guje bawul zai riƙa shawagi bai rufe ba. Masu tauri irin na ƙanena kuma za su cinye tozayen tun ba a je ko'ina ba. Na zaɓi matsakaita, na matse kowanne a ma'auni na tabbatar ba zai haɗe jikinsa ba kafin bawul ya gama buɗewa. 'Yan ƙoƙunan da suke hawa kan tozaye na sake sababbi, ko da yake na farkon ba su yi wani aiki ba, don ƙoƙon da ya saba da wani tozo ba ya zama lafiya da wani. Na karɓi yumɓun wasan 'yata na manna a kan fistin, na rufe, na juya injin da hannu, na buɗe na yanka yumɓun na ga tazarar da bawul ya bari. Ta wadatar. 'Yar tawa har yau tana bina yumɓunta.

Sabuwar kamshaf irin wannan tana da wata ƙa'ida mai cin rai. Tashin farko ba a barin inji ya kwanta, sai a riƙe shi da ƙarfi na wani lokaci don mai ya wanke tozaye su saba da ƙoƙunansu. Wato abin da muke mutuwar son ji, muryarta a tsaye, shi ne ba za mu ji ba sai a ƙarshe. Ƙanena yana kan totur, ni ina zagaye ina duba zafi da yoyo, gumi har cikin ido. Da lokaci ya yi na ɗaga masa hannu, ya janye ƙafa a hankali. Injin ya sauko, ya sauko, sai ga shi: bugu biyu a haɗe, ɗan tsayawa, bugu biyu a haɗe. Ƙanena ya fito ya sumbaci kaina a gaban 'yan warsha, abin da bai yi ba tun ranar aurena.

Ba mu kai wa Baba ita don gwaji ba. Safiyar Asabar kawai na tayar da ita a farfajiya, a ƙarƙashin tagarsa, na bar ta tana ɗingishinta. Ba a jima ba matata ta leƙo ta ce Baba yana neman ruwan alwala da farar rigarsa.

Mu biyu muka ɗaga shi muka zaunar a kujerar gaba, inda mahaifiyarmu take zama. Ƙanena ya naɗe dogayen ƙafafunsa a baya kamar yadda muke yi muna yara. Na zauna a mazaunin da ban taɓa zama ba da izininsa. Ya miƙo hannu ya gyara mini riƙon sitiyari. Muka fita daga Bani Harisa, mutanen layi suna ɗaga masa hannu, yana amsawa da kai. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan safiya ba, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka.

Yanzu otal-otal sun tare Harami, amma akwai inda hasumiyoyin suke leƙowa ta tsakanin gine-gine. Daidai nan danja ta tsayar da mu. Na cire giya, injin ya sauko ya kama ɗingishinsa, motar tana ɗan rausaya, ƙararta tana dukan bangon otal tana dawowa. Wasu masu ziyara suka waiwayo. Kunya ta rufe ni. Ga hasumiyoyin Manzo a gabana, ga ni na kawo gurnani inda aka hore mu da yin ƙasa da murya. Na kai hannu zan kashe injin.

Sai na ji hannun Baba na hagu a kan gwiwata ta dama. Ya danna ta kaɗan, kaɗan ƙwarai, har yatsun ƙafata suka taɓa totur. Injin ya ɗan ɗaga, ɗingishin ya narke, motar ta daina rausaya, muryarta ta koma sumul. Ita ce muryar da na sani tun ina yaro, wadda na je nema a kasuwa na sayo sandar kamfani. Ashe duk shekarun nan ƙafarsa ce take riƙe da ita, a gaban mahaifiyarmu da gaban Manzo.

“Haka,” ya ce. “Riƙe ta haka.”

Ya yi sallamarsa da murya ƙasa-ƙasa, kalmomin suka fito cikakku ba tare da sun karye ba. Ni kuwa danja ta ba da hannu ban gani ba, sai da na baya ya yi mini hon, domin idona ya cika. Baba bai ɗauke hannunsa daga gwiwata ba har muka isa Ƙuba.